Ranar da Zuciyata Ta Fito a Lasifika

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Da wannan ƙarar na farka wani dare a ƙarshen hunturu, kuma ku riƙe ta da kyau, jama'a, don daga gare ta komai ya fara. Ɗakina a sama yake, can ƙarƙashin rufin gidanmu, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Babu bishiya kusa da tagar. Amma ga shi ana ƙwanƙwasa gilashi a hankali, kamar mai jin nauyin tada ni.

Na ja bargo har hanci, zuciyata kamar za ta fasa ƙirji ta fito. Da na gaji da jin tsoro sai na lallaɓa na yaye labule. Takalmin katako na gani, ƙafa ɗaya, yana lilo a iska, ɗaure a bakin doguwar sandar fatsa. A ƙasa kuwa, tsakiyar lambun Mama, Hidde ne tsaye riƙe da sandar, hularsa ta ulu ta karkace.

Hidde shi ne mai tsaron gadar garinmu. Da takalmin nan yake karɓar kuɗin wucewa: ya ɗaga gada sama don jirgi ya wuce, ya zura wa masu jirgin ruwa, su jefa a ciki. Ni abin da na tarar a ciki zobe ne, an naɗe shi a safar hannu don kar ya faɗi.

Na buɗe taga na ce da raɗa, "Hidde, ka haukace ne? Ka tattake wa Mama kabeji!"

"Ki bar zancen kabeji, Rinske. Hannuna ya gaji."

"Saura kaɗan tsoro ya kashe ni."

"To tunda bai kashe ki ba, za ki aure ni?"

Wallahi amsar tana bakina. Na dafe ƙirji, na ji yadda take bugawa, na kalli fuskarsa a hasken fitilar barga. Sai karatun da aka yi mana ranar Talata ya faɗo mini a rai, kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara.

Na ce, "Ba ni lokaci."

Bai yi fushi ba. Hidde ba ya fushi da sauri, mutum ne da ya saba jiran jirgi ya wuce. Ya ce, "Takalmin na aiki ne. Ranar ɗaya ga Afrilu jirage za su fara wucewa, ki dawo min da shi kafin nan. In na gan shi babu komai a ciki, na gane. In zoben na ciki, shi ma na gane, kuma ba zan dame ki ba."

Na kwance igiyar. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya bi ta tsakanin kabejin a hankali, ya tafi.

Na san kuna cewa wace irin yarinya ce wannan. Ku bari in gaya muku abin da aka koya mana ranar Talata.

Karatun kiwon shanu da madara nake yi a jami'a, don ni kaɗai iyayena suka haifa, kuma gonar nan wata rana a wuyana za ta rataya. A shekara ta uku kowa yana zaɓar ƙaramin fanni na rabin shekara. Baba ya riga ya zaɓa mini harkar tafiyar da gona. Ni kuwa na je na sa sunana a ilimin halayyar ɗan Adam da aikin ƙwaƙwalwa. Ranar da na faɗa masa, yana cire takalmin barga a bakin ƙofa, ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Wace ce a cikin shanun ta ce miki tana da damuwa?"

"Baba, rabin shekara ne kawai."

"Rabin shekara ki koyi karanta zuciyar mutane. Ni ko zuciyar mamanki ban gama karantawa ba, ga shi kuma muna zaune lafiya."

Amma da kun shiga ajin nan sau ɗaya, da kun yafe mini. Malamarmu, Dakta Wiersma, wata 'yar ƙaramar mata ce mai furfura, kullum cikin rigar sanyi mai ruwan toka da takalmin gudu. Ba ta ɗaga murya. A makon farko ta kira ni gaban aji, ta ɓoye hannuna na hagu bayan allo, ta ajiye hannun roba a gabana. Ta riƙa shafa su biyun da buroshi a lokaci ɗaya, ina kallon na robar. Can sai na ji shafar a jikin robar nake jin ta. Kafin in yi magana ta ɗauko guduma ta kwaɗa wa robar. Na kurma ihu na janye hannu, aji ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kin gani? Ko hannunki ma ƙwaƙwalwa hasashensa take yi."

Ranar a jirgin ƙasa hannuwana na yi ta kallo har gida. Tun daga nan duniya ta zame mini gidan abin mamaki. In ga saniya tana kallon bango, in tsaya ina tunanin ko ita ma hasashen ƙahonta take yi.

To ranar Talatar nan sai ta zo mana da zancen zuciya. Ta ce zuciya ba ta aika saƙo da suna. Bugawa kawai take yi, sai ƙwaƙwalwa ta waiga ta nemi dalili. An taɓa gwadawa, in ji ta, a kan wata gada mai lilo: mazan da suka tsallake ta ƙafafunsu na rawa, suka tarar da mace a wurin, sun fi waɗanda suka bi gada mai ƙarfi jin cewa ta shiga ransu. Tsoro ne ya tada zuciyar, ƙwaƙwalwa ta ga mace, ta ce so ne.

Gada, jama'a! Ina zaune na ji kujerar ta yi sanyi. Ni a ina na fara ganin Hidde? Na makara zuwa tasha, ina tuƙa keke iska na tura ni baya, na iso gada ina haki, ya leƙo daga ɗan ɗakinsa ya ce, "Sannu, mai tsere da iska." Washegari ma haka. Kullum haka. Ban taɓa isa wurinsa ba sai da zuciyata ta riga ta tashi. Ko fita muka yi, ko kan keke ne ko wasan zamiya a kan ƙanƙara. Yanzu kuma ya zo neman aurena bayan ya tsorata ni. To shi nake so, ko iska?

Da safe na tura wa ƙawata Maaike saƙo, wadda muke aji ɗaya.

"Ya ba ni zobe. Amma tsoro ne ya tada zuciyar kafin in gan shi."

"Rinske, ki rufe littafi ki sa zobe."

"In na aure shi, muka zauna a falo babu iska fa?"

"Sai ki sayi fanka."

Takalmin na ɓoye shi a bayan rigunan sanyi. Kwana biyu Mama ta gano shi, don babu abin da ke ɓuya a gidan nan. Ta sauko da shi kicin, ta ajiye a kan tebur kusa da tukunyar dankali, ta riƙe ƙugu.

"Me kike jira? Yaron da ya zo cikin ruwan sama ya taya babanki karɓar haihuwar saniya? Yaron da ke cire hula in ya gaishe da kakanki Pake?"

"Mama, ina so in tabbatar."

"Ki tabbatar da me? Ni da babanki ya neme ni, warin taki yake yi, ban tsaya tabbatarwa ba."

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Ina aji sai hoto ya shigo: farar riga mai dogon hannu. "Wannan za ta yi miki." Can wani: "Mamansa ta gaishe ni a kanti, ban san inda zan sa fuskata ba." Shi kuwa Hidde saƙo ɗaya yake turowa kowace safiya, kuma ba ya wuce zancen sama. "Iska daga yamma yau, ki fita da wuri." Ko sau ɗaya bai ambaci takalmi ba. Wannan haƙurin nasa ya fi surutun Mama hana ni sukuni.

Ana nan sai aka raba mana wata ɗamara a aji, wadda ake ɗaurawa a ƙirji tana aika bugun zuciya zuwa waya, don aikin gida. Ina karɓa dabara ta zo mini. Na tsaya bayan kowa ya fita na tambayi Dakta Wiersma, kamar zancen wata nake yi, ko za a iya gane so da wannan.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗamara bugu take ƙirgawa, ba ta san dalili ba. Kafin ki auna komai, ki tambayi kanki: in amsar e ce, da wace kama za ta zo? Yawancin mutane kama ɗaya suke tsaye suna jira, sai amsar ta wuce ta gabansu."

Na gyaɗa kai. Gaskiya ban saurara ba, hankalina yana kan inda zan sami wurin da babu iska, babu keke, babu tsoro, babu abin da zai tada zuciyar mai rai. Kuma na san wurin: bikin ranar haihuwar Pake, kakana, ranar ƙarshe ta Maris.

Kun san yadda ake yi. An ture tebur gefe, an jera kujeru da'ira a falo, kowa ya zauna yana kallon kowa. Kek na tuffa yanka ɗaya, sannan faranti mai 'yan gutsattsarin cuku da tsiren alade yana zagayawa. Ana zancen ruwan sama da farashin madara. Ko agogon bango hamma yake yi.

Na sa shuɗiyar rigata mai maɓallai har wuya don ta rufe ɗamarar, da siket mai ruwan goro, na kama gashina baya. Kofi ban sha ba tun jiya. Na kunna awon tun kafin baƙi su cika, don an koya mana sai ka san yadda abu yake kafin ka ga ya canja. Sai Mama ta ce in haɗa wayata da lasifika in sa wa Pake waƙoƙinsa na da. Na haɗa. Pake ya karɓi wayar ya ɗora a cinya, wai yana son ganin hoton mawaƙan.

Pake mutum ne da ke tara abin da kowa ya yar. Yana da kwalba cike da haƙoran shanu, da dutsen da ya rantse daga wata ya faɗo. Yana zaune da kwat ɗinsa na coci, an maƙala masa fure a ƙirji.

Waƙa ta ƙare. Falo ya yi shiru. Sai aka ji wani abu daga lasifika.

Dum-dum. Dum-dum. Dum-dum.

Ashe manhajar awon tana da murya, waƙar ce ta danne ta.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Baukje, wadda ba a biki a garin nan babu ita, ta ajiye cokali. "Injin tatsa ne ya lalace?"

Pake ya ɗaga yatsa. "Tsuntsun fadama ne. Haka yake kuka in bazara ta kusa."

Na miƙe da sauri. "Pake, kawo in gyara."

Dum-dum-dum-dum.

Ya rungume wayar a ƙirji, idonsa na ƙyalli. "Tsaya. Rinske, zauna." Na zauna. "Tashi." Na tashi. Ya buɗe baki kamar yaron da ya ga kifi na tashi sama. "Jama'a, zuciyar jikata ce! Kar wanda ya taɓa. Yau ranata ce, kuma ba a taɓa ba ni kyauta irin wannan ba."

Na ce aikin makaranta ne, kuma ban yi ƙarya ba, rabin gaskiya dai na faɗa. Falo ya ɗauki rai. Gwaggo Baukje ta ce, "Rinske, gizo-gizo a wuyanki!" Zuciyar ta yi tsalle, aka fashe da dariya. Baba da kansa ya matso da kujera, ya ce, "Jarrabawa," ta ƙara sauri, ya girgiza kai yana cewa, "Kai, abin nan ba ya ɓoye sirri." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana cikin haka ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Hidde ya shigo da farar shat da aka goge, gashinsa a jiƙe an taje shi gefe, da kwalbar zuma a hannu don Pake. Ya fara zagaya da'irar yana ba kowa hannu. "Ina taya ki murnar surukinki. Ina taya ka murnar mahaifinka. Ina taya ki murnar maƙwabcinki." Gwaggo Baukje ta yi masa bayanin ƙarar tun kafin ya tambaya. Ya iso kaina. "Ina taya ki murnar kakanki." Hannunsa da ɗumi, yana ƙamshin sabulu da man inji. Ya zauna a kujerar da Mama ta ajiye masa kusa da ni, kafaɗarsa ta ɗan taɓa tawa.

Na riƙe numfashi ina jira ta yi tsalle.

Dum-dum. Dum... dum. Dum... dum.

Sauka take yi. Kowa na ji. Ta yi ta sauka har ta koma kamar takun saniyar da ta ƙoshi tana komawa barga. Idona ya cika da hawaye. A raina na ce shi ke nan, ashe iska ce.

Gwaggo Baukje ta ce, "Ka ga ikon Allah, Hidde. Gizo-gizo ya fi ka tada ta."

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya juyo ya dube ni. "Me aikin makarantar yake aunawa, Rinske?"

Da wani ne ya tambaya da na kauce. Amma Hidde bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na faɗa masa duka a gaban kowa: gada mai lilo, keke, iska, tsoron daren nan. Na ce ina so in san ko shi ne, ko hakin hanya. Mama ta rufe fuska da tafin hannu.

Ya murza hularsa. "To, me ya fito?"

"Ba ta tashi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni ban auna tawa ba. Ban san ana yi ba." Ya miƙe. "Gobe jirage za su fara wucewa. Ki ba wani ya kawo min takalmin, ba sai kin wahala ba."

Ko a haka bai fita kai tsaye ba. Ya sake bin da'irar yana sallama da kowa, hannu da hannu, har da yi wa Pake fatan shekaru masu yawa. Ban taɓa ganin mutum ya ɗauki ciwo da mutunci irin haka ba. Ni kaɗai ya tsallake. Muka ji ya ɗauki rigar ruwansa a zaure, muka ji ƙofa ta rufe.

Dum-dum-dum-dum-dum-dum.

Lasifikar har rawa take yi a kan kabad. Ina zaune ban motsa ba. Babu keke, babu iska, babu kofi, babu gizo-gizo. Abu ɗaya ne ya canja a falon nan: kujerar da ke kusa da ni ta zama babu kowa.

Sai muryar Dakta Wiersma ta dawo mini tiryan-tiryan. Da wace kama za ta zo? Ni tsalle na tsaya jira. Na shigo da zuciya a firgice, an yi mini dariya, an tsokane ni, kunya ta dafa ni, mutum ɗaya ya zauna kusa da ni ta kwanta. Ya tashi ta haukace. Awon bai yi kuskure ba. Mai karanta shi ce ba ta gama koyon karatu ba.

Pake ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar mai miƙa ƙwai. Baba ya share maƙogwaro, bai kalle ni ba, ya ce, "Ashe karatun naku yana jin abin da ke ciki." Ya nuna ƙofa. "Je ki mana. Me kike zaune yi?"

Ban karɓi wayar ba. Na haura sama da gudu, na zazzage takalmin a kan gado, na warware safar. Zoben ya ɗan yi mini yawa, na matse yatsa a kansa. Na sauko da takalmin babu komai a ciki, na jefa shi a kwandon keke. Hidde ya riga ya yi nisa a kan hanyar gada, rigar ruwan a hannu, sai farar shat ɗinsa nake hangowa, kuma ban san ko mutumin da aka auna a gaban jama'a zai yarda ya waiwayo ba. Iska kuwa daga yamma take, kamar yadda ya faɗa mini da safe, kai tsaye a fuskata.

Tagar falo a buɗe take. Ina jin zuciyata tana ta bugawa a lasifika, duk sun taso sun jeru a bakin taga da farantan kek a hannu. Na ɗora ƙafa a kan feda, sai na ji muryar Gwaggo Baukje, da gaske take tambaya, har da damuwa:

"To amma in ta tuƙa keken nan cikin wannan iskar, ta isa tana haki, ta yaya kuma za ta san ko shi ne?"

Na danna feda.